Mai Tattalin Maƙogwaro

Ga shi can a tashar motar Durban, siririn yaro, ko gemu bai tsiro masa ba. Rana na gasa kowa, shi kuwa ya naɗe wuya da ƙyalle. Kwat ɗinsa na cikin leda. Ƙila uwarsa ce ta goge masa.

Mai talla ta miƙa masa lemo mai ƙanƙara.

"A'a, Mama, maƙogwaro! Mu muka ci gasar waƙa, gobe za a ɗauki muryarmu a birnin Joburg."

"Iye! Sai mun ji ku a rediyo, ɗana."

Mu da muka ci gasar a zamaninmu, akuya aka ba mu. Muka yanka, kowa ya koma dako.

Na sayi lemon, na shanye. Ni wa zan adana wa maƙogwaro?