Ranar da Yayana Ya Cika Malafarsa da Kashin Jaki

Sai da furfura ta fara fito mini na zauna gaban malami na koyi riƙe alƙalami. Tun da hannuna ya faɗa nake son in rubuta wannan, domin ko me zan manta a duniya, ban da ranar da yayana ya cika malafarsa da kashin jaki.

Ƙauyenmu yana bayan Bacirawa, inda gona ke manne da gona, babu filin da za a bar ƙasa ta huta. Wanda bai kai taki ba, ba shi da hatsi. A wata shekara jakinmu ya mutu, muka rasa abin ɗauko taki daga birni, gonar gandu ko rabin rumbu ba ta ba mu ba. Yaya, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar Baba, ya yanke magana: kafin damina za mu tashi mu sari sabon daji. Inna kuwa ƙafa ta ƙi. Ta ce a tafi, ita a bar ta kusa da kabarin mijinta. Kowa ya san in aka tashi, gidan ya rabu ke nan.

Matata dai ta haƙa rami a bayan ɗaki, kullum da safe ta kwashe tokar murhu ta zuba. Yaya ya gani, ya ce mini, "Da ƙoƙon toka matarka za ta ciyar da gandu?" Da na kai mata maganar, ta ce, "Malam, ni ban ce zai ciyar ba. Zubarwa ce ba na iya gani."

Ban san haka zuciya take ba sai a kanta. Da ta saba da tara toka, sai shara ta fara ba ta tausayi, ta bi toka. Sai ta ɗaure awaki a turke don kada kashinsu ya watse a waje. Awaki a ɗaure suna son abinci, ni da nake barin harawa ta lalace a gona na koma ɗaure ta a kan bishiya. Ruwan wanke-wanke ma ya daina bin rariya. Matar Yaya ta ga abin, ta haƙa nata ramin, wai don kada a ce ita ce mai ɓarna. Kafin wata biyu gida uku na maƙwabta sun bi.

Wata Juma'a muna dawowa daga birni, Yaya na sanye da shuɗiyar rigarsa da ta sha bugu, muka tarar ayarin fatake bai daɗe da wucewa ba, jakuna sun bar kashi a hanya. Ya wuce, ya tsaya, ya waiwayo.

"Riƙe mini sandar nan."

Mutumin da ko tsintsiya bai taɓa ɗauka ba ya tattare riga, ya durƙusa, ya cire malafa yana tsincewa da hannu. Masu wucewa na gaishe shi, yana amsawa ko kunya babu.

Na ce, "Yaya, ba tashi za mu yi ba?"

Ya ce, "Matarka ta ɓata mini ido. Yanzu ko kara na gani a yashe sai raina ya sosu. Miƙo hularka, wannan ta cika."

Da muka isa gida ya juye a ramin matata, Inna na kallo daga bakin ɗaki. Ta ce, "Yaushe mai ƙaura ya fara tara taki?" Ya kakkaɓe malafa, ya ce a fito da iri a duba.

A ka muka kai takin nan gona, kwando-kwando. Rumbu bai cika ba, amma ya kai mu kaka, Inna kuma ta cika a ɗakinta bayan shekara huɗu, dukanmu muna gefenta.

Ni dai abin da na koya, tattali ba ya zama shi kaɗai a zuciya. In mutum ya saba da tausayin ƙaramin abu, babban ma ba zai iya yar da shi ba, ko gona ce, ko uwa.