Shanun Baba Na Nan a Kwamfutarsu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Kabiru, amma har makon jiya akwai makarantar da ke turo masa saƙo tana gayyatarsa ya sake neman gurbi. Layinsa yana hannuna, ni nake karantawa.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Kabiru ɗan Mahuta ne. Bayan ya gama jami'a ya zauna Funtua yana sayen masara da waken suya a hannun manoma yana kai wa kamfanoni. Ana nan ya nemi wata makarantar koyon kasuwanci a ƙasar waje, irin waɗanda ake cewa in ka fito daga cikinsu kai da talauci kun yi sallama. Ba zan faɗi sunanta ba. Ba tsoro nake ji ba, talla ce ba zan yi mata kyauta ba.

Me ba su tambaya ba? Sun tambayi sakamakon jarrabawa, wannan mun yarda. Amma da yake tallafi yake nema, sai suka ce ya lissafo abin da gidanmu ya mallaka: gonaki, rumbuna, shanu, har lambar wayar mahaifi. Mu kuwa a wurinmu ko ɗan cikinka ba ka cika faɗa masa yawan shanunka ba. Baba ya ce, “Kabiru, wa zai gani?” Yaya ya ce kwamiti ne na mutum kaɗan, can wata uwa duniya. Baba ya faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa.

Suka yi masa tambayoyi ta bidiyo, suka ɗauke shi. Muna cikin murna sai ga sharaɗi: za su sa labarinsa a shafinsu, da hoton gona, da sunan gari, duniya ta ga sun ɗauko ɗan manomi. Lokacin an fara satar mutane a yankinmu, kuma kowa ya san masu bindiga ba sa zuwa sai an nuna musu gida. Yaya ya roƙi a cire sunan gari da maganar dukiya. Suka ce ai ya sa hannu tun farko. Ya ce to su riƙe gurbinsu.

Dangi suka yi masa ca. Wani kawunmu ya ce ya sa ƙafa ya shure arziki. Amsar Yaya ɗaya ce: “Kawu, ni zan tafi, Baba ne zai kwana a Mahuta.” Bai sake tayar da zancen ba har gajeriyar jinyar da ta zama ajalinsa.

Da yana raye yau, ban san me zai ce ba. Yanzu an ce na'ura ce ke fara tace masu nema, kuma yaranmu suna zuba mata sirrin gidajensu suna murna. Bara wasu suka kira Baba da tayin bashin noma, suka ambaci gonarsa ta bakin rafi da girmanta. Ban rantse daga makarantar suka samu ba. Amma ina aka taɓa rubuta wannan in ba can ba? Tun daga ranar tsohon nan in baƙuwar lamba ta kira shi sai ya miƙo mini wayar.

Na rubuta wa makarantar na ce mai bayanan ya rasu, su goge. Suka yi mini ta'aziyya mai daɗi, sannan suka ce a ƙa'idarsu mai bayanan ne da kansa zai nemi a goge. Wallahi sai da na yi dariya don takaici. Na tura shaidar rasuwa, suka ce ana dubawa. Ana dubawa har yau.

Yaya bai bar digirin ƙasar waje ba, bai bar gidan bene ba. Ya bar mana taurin kai, kuma na gaje shi da kyau. Zan ci gaba da rubuta musu har su gaji.

Baba dai ya sayar da shanun tun kakar bara, ko ɗan maraƙi babu a gidan. A kwamfutarsu kuwa garken yana nan cif, kuma wanda ya biyo wannan lissafin da bindiga ba zai yarda an sayar ba.