Ɗan Littafin Malam Inuwa

Ina tsakiyar kiran suna ranar Talata hedimasta ya leƙo ajina ya ce Malam Inuwa ya rasu a gidansa na Abakpa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye rajista na fita, yaran kuwa ko motsi ba su yi ba. Wannan ma aikin marigayin ne.

Ba zan ɓoye ba, shekara biyu na yi ina zargin bawan Allahn nan. Lokacin da aka turo ni elementare a Kawo na zo da sirri: tun wani zazzaɓi da na yi, kunnena na hagu ya toshe. Na sa a raina ranar da Baturen makarantu ya gane, ranar zan bar aiki, ga iyali, ga tsohuwata a Zariya. Sai ga dattijon malamin nan, Malam Inuwa, kullum da safe a bakin tagata yana rubuce-rubuce a ɗan littafi. Me zan ɗauka? Na ce ɗan rahoto ne.

Ana nan sai ya kawo mini dokoki. Kowane yaro da mazauninsa, ba ya sakewa. Ba mai magana sai ya ɗaga hannu, na kira shi, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam, da tsari ake riƙe aji, ba da maƙogwaro ba." Da kansa ya sake wa yaran wurin zama, bai ko shawarce ni ba. Na ji haushi ƙwarai, amma na bi don tsoro, ina jiran in ga inda tarkon yake.

Muryata da ta dushe ta dawo. Na daina komawa gida da ciwon kai, bulala ta zauna a lungu, yara suka fara karatu. Duk da haka na ce ruwa ba ya tsami banza, akwai dai abin da yake nema. Ranar da Bature ya zo duba mu, babu amsar da ta wuce ni, domin duk mai magana yana tsaye ina kallon bakinsa. Ya yaba ya tafi. Malam Inuwa ya ce, "Ka ga yau ma ka huta." Na amsa masa a daƙile.

Ranar sadakar uku babban ɗansa ya miƙo mini littafin, ya ce baba ya bar wasiyya a ba ni. Na buɗe. Zanen kujerun ajina ne, shafi bayan shafi. A ƙasan na farko ya rubuta: "Masu ƙaramar murya a damansa. Kada kowa ya sani."

Ya Allah ka jiƙan Malam Inuwa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ni kuma ka yafe mini, don ban samu na nemi gafararsa ba.