Gishirin da Bai Narke Ba

A gidanmu na Kura, wutar tatsuniya wutar aiki ce. Kakata Iya Dije sana'arta turara shinkafa, kuma bayan sallar isha'i take ɗora tukunya ta ƙarshe, wani rabin duro da ya yi baƙi ƙirin, tana tura masa buntun shinkafa da kara. Mu jikoki sai mu zagaye murhun muna shaƙar ƙamshin tururi. Ni ce sarkin surutu a cikinmu, shi ya sa take ce mini Rediyo. Lokacin ina aji biyar a firamare, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari, mutum ɗaya ya riƙe ta mutum goma su leƙa.

Suna ɗaya ne ba a ambata a gaban Iya, sunan Haruna, ɗanta na fari. Yana da shekara goma sha biyu ruwa ya ci shi, shekarun da aka fara sako ruwan noman rani a kanal, daidai inda kanal ɗin yake shigewa kwalbati ta ƙarƙashin titin Bunkure. An yi kwana uku ana nema, ba a ga ko hularsa ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma babu mai ƙarfin halin tambayar sauran.

To sai ga Baffa Nasiru, autan Iya, ya rasa abin da zai so a duniya sai ruwan nan. Gyaran rediyo yake yi a kasuwa, amma zuciyarsa tana kan wani jirgi mai nutso da yake ƙerawa. Da guntun faifen roba ya yi gangar jikinsa, tsawon hannuna. Ya ciro ƙaramin inji daga mataccen rediyon kaset, ya yanka farfela daga gwangwanin madara, ya farke motar wasan yara da ya sayo a Kano ya ɗebe rimot ɗinta da 'yan wayoyin cikinta. A cikin jirgin akwai ƙaton sirinji irin na allurar shanu: ya zuƙi ruwa jirgi ya nutse, ya fesar jirgi ya taso. Ya raɗa masa suna Gaiwa.

Gaiwa ta ba shi wahala ba kaɗan ba. Da farko yoyo take ta wajen farfela, sai da ya gano ya riƙa cusa basilin a wurin. Daga nan ta koma nutsewa da gindi, kanta a sama kamar akuya mai leƙen katanga, ya yi ta liƙa mata dalma a gaba har ta daidaita. Batir ya jiƙe, ya naɗe shi a balan-balan. Duk ya yi maganinsu, ban da ɗaya. Da zarar Gaiwa ta wuce kamu biyu a cikin ruwa, sai ta daina jin rimot. Ya danna, ya ɗaga eriya, ya yi ta zarya a bakin kanal, shiru. Daga nan sai ya tuɓe riga ya faɗa ya lalubo ta.

Iya ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma tana ganin wandonsa a shanye a kan igiya. Duk ranar da ta gani, sai ta tsaya da juya shinkafa ta ƙura masa ido. Ina tsoron ganin hakan fiye da yadda nake tsoron duhu.

Wani daren Laraba Baffa ya shigo da Gaiwa a hammata, ya tsuguna kusa da murhu yana busar da cikinta. Ya ce ranar Juma'a da yamma zai kai ta bakin kwalbati, don nan ne kaɗai ruwa yake da zurfin da zai gwada ta sosai. Iya ta tura buntu, wuta ta yi ƙasa, hayaƙi ya kwanta. Sannan ta buɗe tatsuniya, ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba:

"Ga ta nan tafe, a jiƙe sharkaf."

Muka ce, "Ta matso ta ji wuta, mu ji ta."

Wai an yi wata mata mai 'ya ɗaya tak. Wata rana yarinyar tana wanke-wanke, ƙwaryarta mai zane ta suɓuce ta nutse a gulbi, ta ce ita fa sai ta bi ta. A ƙasan gulbin nan akwai gari. Mutanen garin ba mugaye ba ne, ba sa cin kowa. Abin da ke akwai, wanda ya nutsa zurfin gaba guda yana jin kiran uwarsa sarai, a gaba na biyu ya ji kamar a mafarki, a na uku kuwa ko sunansa ba zai sake sani ba. Da uwar ta ga babu mai hana yarinyar, sai ta ɗaura mata goruna biyu a baya, ta rataya mata ɗan dutsen niƙa a ƙugu don ya ja ta ƙasa. Amma tsakanin igiyar ƙugun da igiyar dutsen, sai ta sa dunƙulen gishiri ya zama shi ne mahaɗi.

Yarinya ta sauka. Ta tarar da yara zaune a jere cikin laka, kowa rungume da abin da ya biyo, wani takalmi, wata tsintsiya, wani ɗan ludayi. Idanunsu a buɗe, bakinsu yana motsi, sauti ba ya fita. Suka matsa suka ba ta wuri. Ta ɗauki ƙwaryarta ta zauna, ta ji daɗin wurin, ta manta daga ina ta zo. Can gishiri ya gama narkewa, dutse ya faɗi, goruna suka fizge ta sama ko tana so ko ba ta so. Tana tashi wani yaro ya kama idon sawunta.

"Zai riƙe ta ne, Iya?" na tambaya, muryata a ƙasa.

"A'a, Rediyo. Shi ma so yake ya biyo." Ta ƙara tura buntu. "Hannun ya zame. Amma har ta tsufa, shatin yatsu biyar yana nan a ƙafarta, kuma ko da zafin bazara wurin sanyi ƙalau."

"Sauran yaran fa?"

"Iyayensu ba su san da gishiri ba," in ji ta. Sai ta share ido, ta ce hayaƙi ne. "Ƙurunƙus. Na ajiye ta a bakin ruwa, kada wanda ya koma ɗaukowa."

Babu wanda ya yi dariya ko ya ce a ƙara wata. Baffa kuwa ya daina busar da jirginsa, ya ƙura wa wuta ido. Can ya buga cinya ya ce, "Iya, wallahi kin yi mini gyara! In na rage mata dalma ta zama mai tasowa da kanta, na rataya mata ƙarfe da gishiri, ko ta daina jin rimot ai za ta dawo."

Iya ta ce, "To ka yi mini alkawari ɗaya. In ta ɓace, ba za ka sa ƙafa a ruwa ba sai gishirin ya narke."

"Haba Iya, sai ka ce yaro."

"Ka yi dai."

Ya yi alkawari. Ta shiga ɗaki ta ɗauko masa dunƙulen gishiri mai tauri, irin wanda Fulani suke ba shanu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na bi shi, ni ce mai riƙe jakar kayan aiki. Gonakin tumatir a dama da hagu, babu kowa, duk an tashi. Ya huda gishirin, ya zura zare biyu, ɗaya ya ɗaure a cikin Gaiwa, ɗaya a wani ƙaton noti na tarakta. Ya shafe bakin farfela da basilin, ya ƙara gyara ƙullin gishirin, ya sake ta. Ta yi zagaye biyu a sama, ya danna, ta sunkuya ta shige. Muna ganin fari-farinta, sai muka daina gani.

Ya danna ta taso. Ba ta taso ba. Ya sake dannawa. Ruwan yana tafiya sannu-sannu yana shigewa bakin kwalbatin nan mai duhu, yana wani sauti kamar mutum yana haɗiyar abu. Wani Bafulatani ya kawo shanu shan ruwa ƙasa da mu kaɗan, suka tsaya cirko-cirko suka ƙi sa baki, ya kaɗa su ya yi gaba. Baffa ya ajiye rimot, ya cire riga ya miƙo mini.

"Baffa, gishirin bai narke ba," na ce.

"Ai ya isa ya narke."

"Da ya narke da ta taso. Ka yi wa Iya alkawari."

Ya harare ni, amma ya tsaya, yatsun ƙafarsa a kan gefen siminti. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na san dai ina riƙe da rigarsa ina kuka ba sauti. Sai muka ji wani gurnani daga sama. An buɗe ƙofar ruwa a can gaba, ba ranar da aka saba ba. Ruwa ya taho jajir da laka da ciyayi, ya cika kanal, ya rufe bakin kwalbatin gaba ɗaya, yana murɗawa yana zuƙe duk abin da ya samu. Wani reshen darbejiya mai kaurin cinya ya zo, ya tsaya a tsaye, ya shige. Baffa ya ja da baya ya zauna a ƙasa daɓas.

A cikin wannan murɗawar Gaiwa ta ɓullo. Ba ta bi ruwa ba. Ta taho gefe a hankali, tana fuskantar inda ruwan yake tahowa, har ta zo ta tsaya daidai ƙafarsa. Ya miƙa hannu ya ɗauko ta, sai na ga fuskarsa ta canja. Notin yana nan a rataye. Gishirin yana nan ɗungurungum, yana sheƙi, ashe da hannun basilin ya gyara ƙullin, maiƙo ya rufe shi ruwa bai taɓa shi ba. Ya buɗe cikinta, sirinjin cike yake taf. Da nauyin da ke jikinta, babu dalilin da zai sa ta taso.

Da dare ya ajiye ta a gaban Iya, ya faɗa mata komai. Ya ce wataƙila juyin ruwa ne ya turo ta. Iya ta ɗauki jirgin ta shafa shi, ta daɗe tana shafawa.

"Nasiru, ka san abin da yayanka ya shiga nema?" ta ce. "Motar kara ya yi maka, kana shekara uku. Ka jefa ta a kanal kana ihu, ya ce bari ya ɗauko maka." Ta miƙa masa Gaiwa. "Ungo. Ya daɗe yana neman abin wasanka."

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin na Baffa a daren nan ba. Bai daina ƙera jirage ba, ya yi wasu uku bayan Gaiwa, amma a babban baho yake gwada su a tsakar gida, kuma wandonsa bai sake hawa igiya a jiƙe ba.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na yarda juyin ruwa yana iya turo abu, na kuma san matattu suna inda Allah ya ajiye su. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne ita Iya ba ta damu da jirgin ba ko kaɗan, ya taso ko ya ruɓe a laka. Ta san ba za ta iya hana ɗanta son ruwa ba, sai ta nemo abin da zai tsayar da shi a bakin kanal na ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan ya isa. Duk da haka, in mota ta bi da ni ta kan kwalbatin nan, sai na tsinci kaina ina yin sallama a hankali, ina kuma janye ƙafata daga ƙasan mota.