Saniyar Habbanaye da Hatsin Bariki

Har gobe in na bi ta inda ake kwaɓa siminti sai na ɗan tsaya. Jikokina su yi ta yi mini dariya, wai tsohuwa na shinshinar gini. Ba su san warin hannun babana nake ji ba. Shi maginin rijiya ne, yana cikin waɗanda Nasara suka ɗauka aiki bayan sun kafa bariki a Dakoro, suka shiga gina rijiyoyin siminti a kan hanyoyin makiyaya. In ya dawo gida bayan wata da watanni, tafin hannunsa duk ya tsattsage, ko inna ta shafa masa man shanu warin nan ba ya fita. Da wannan hannu yake shafa kaina in na ruga na tarbe shi.

Aikin bai san rani ba, bai san damana ba. Shekaru baba bai riƙe hauya ba, gonarmu ta koma saura, awakin gari na kiwo a ciki. In kakata, uwar babana, ta yi masa ƙorafi, sai ya ce ta kwantar da hankalinta. Nasaran da ke shugabancin aikin ya tara su ya faɗa musu da bakinsa cewa duk wanda ya yi wa gwamnati gini ba zai kwana da yunwa ba, ko da aiki ya tsaya akwai rumbunan bariki, za a riƙa auna masa hatsi har ya samu abin yi.

Ku yaran yanzu ba ku san waɗannan rumbuna ba. Jere suke a bayan bariki, manya-manya, an yaɓe bakinsu da laka. Kowace kaka dole kowane gida ya kai damin hatsi a zuba, wai ajiya ce saboda ranar wahala. Mu da ba mu noma, saye baba yake yi ya kai. Na sha ganin kakata da dami a ka tana tafe tana mita. Don haka kada wani ya ce mini roƙo muka je yi. Hatsinmu ne.

A tsakar gidanmu kuwa akwai saniya guda, ja mai dogayen ƙahonni. Ba tamu ba ce. Baba yana da amini, wani Bafulatani dogo mai ƙarancin magana, wanda rijiyarsa ta taɓa rubzawa baba ya shiga ya yashe masa ita bai karɓi komai ba. Shi ne ya koro karsana ya ɗaure mana habbanaye. A ƙasarmu ko yaron goye ya san habbanaye: mai dabba ya ba ka aro, ka kiwata ta, ka sha nono, abin da ta haifa naka ne, in ta yi haihuwar da aka yi alkawari ka mayar masa da uwar. Ba ka sayarwa, ba ka yankawa. Kuma ba ka mayar da ita kafin lokaci, don yin haka tamkar ka ce wa mutum zumuncinku ya ƙare ne.

Saniyar ta haifi maraƙinta na fari a shekarar da aka yaye ƙanena. An yaye shi da wuri saboda inna ta samu ciki, kuma yaro ne marar ƙwari, cikinsa ba ya riƙe komai sai madara. Ni ke riƙe maraƙi in inna na tatsa. Ƙanena ya zauna a ƙasa da 'yar ƙwaryarsa yana bubbuga ta, yana jiran a zuba masa da ɗuminta.

A wannan shekara damana ta yi gardama. Da bazara ta shigo kuma sai ga baba ya dawo da igiyarsa da tabarmarsa, wai an tsayar da aikin rijiyoyi, an sallame su duka. Babu gona, babu albashi, hatsi a kasuwa ya fi ƙarfin talaka. Muka koma jiƙa anza, wannan ɗan itace mai ɗaci da sai an yi ta sauya masa ruwa kafin ya ciwu. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce zai je ya karɓo abin da aka yi masa alkawari.

Wayyo, alkawari! Ya je bariki aka ce sai da maganar maigari. Maigari ya ce sai sarki ya shaida. Sarki ya shaida, aka koma biro, wato ofishin bariki, aka ce kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya tafi rangadi. Kumandan ya dawo, aka ce yana hutawa. Kullum baba ya yi sammako ya je ya zauna ƙarƙashin aduwar da ke gaban biro tare da abokan aikinsa, wasu tun daga Ɗan Gulbi suke takowa, har rana ta karkata gardi, dogarin bariki, ya fito da bulalarsa ya ce a watse, sai gobe. Nakan kai masa ruwa da azahar. Ranar da aka kira shi ina nan tsaye. Na ga babana, mutumin da ke sauka rijiyar da in ka leƙa ba ka ganin gindinta, ya cire takalmi tun daga nesa, ya cire hula, ya durƙusa gaban wani saurayin magatakarda da aka kawo daga ƙasashen bakin teku, wanda ko sannu bai iya da Hausa ba. Wallahi ranar na fara sanin abin da ake kira baƙin ciki.

Tsakaninsu akwai tafinta, shi kuwa ɗan ƙasa ne, kakata ta san uwarsa. Ya ce wa baba an ji kukansa, amma hatsin na wanda ba shi da komai ne, don haka za a aiko gardi ya duba gida.

Gardi ya zo, ya leƙa rumbunmu ya ga wayam, ya buɗe tukwane ya ga anza. Yana juyowa sai idonsa ya faɗa kan saniya da maraƙinta.

"Wannan fa?"

"Ta habbanaye ce," in ji baba. "Kai ma ka san mai ita."

"Na sani. Amma ni abin da na gani aka ce in faɗa."

Da baba ya koma biro, tafinta ya ce kumandan ya ce abin da ke ɗaure a turken mutum nasa ne, mai saniya ba matalauci ba ne, ya sayar ya sayi hatsi. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, in sayar da abin da ba nawa ba? Ka yi masa bayanin habbanaye mana." Tafinta ya ce shi ba zai ɓata wa kumandan lokaci da al'adun daji ba. In dai baba na son hatsi, ya zo ranar da babu dabba a hannunsa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse.

Al'adun daji! Ku ji fa.

A gida aka yi ta ja-in-ja. Kakata ta ce a kai saniyar gidan maƙwabta a ɗaure har a auno hatsin. Baba ya ce shi ba ya dafa Littafin Allah a kan ƙarya, ko a gidan wa aka ɗaure ta a hannunsa take. Ya ce nonon ma ya ja baya don babu ciyawa, yaro kaɗai yake ciyarwa, ga inna da ciki, ga ni, ga ita kanta tsohuwa, duk mun rame. In hatsi ya shigo kowa zai samu, yaro ma a dama masa kunu mai kyau, kuma in damana ta faɗi zai je ya ba amininsa haƙuri ya karɓo ta.

Kakata ta nuna ƙanena da haɓa ta ce, "Kafin damana ta faɗi, wannan mi zai sha?"

Baba ya ce kwana nawa ne. Ba na ganin laifinsa, ko a lokacin ban gani ba. Mutum ne da ya ɗauka in babba ya yi magana, magana ce.

Ni na ja maraƙi, shi ya ja uwar, muka yi arewa zuwa rijiyar da amininsa yake shayarwa. Maraƙin namu ne, amma yana shan nono, ba ya rabuwa da uwa, dole baba ya yafe shi shi ma. Bafulatanin ya hango mu tun daga nesa, ya saki guga ya tsaya. Suka gaisa doguwar gaisuwa, bai ko dubi saniyar ba. Can ya ce a hankali, "Aboki, mi na yi maka?"

Baba ya sunkuyar da kai ya kwashe labari ya faɗa masa. Mutumin ya yi ta zana ƙasa da sandarsa. Sannan ya ce, "Shi Nasaran nan, ba a taɓa ba shi aron komi ba a duniya?" Bai karɓi igiyar da hannunsa ba, ɗansa ya kira ya karɓa. Muna tafiya saniyar na kuka a bayanmu, baba bai waiwaya ba.

Da ranar biro ta zagayo baba ya tafi da buhu a kafaɗa, na bi shi da ƙwarya don in taya shi ɗauka. Aka kawo malami, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi da ko akuya. Magatakarda ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya yi magana da Faransanci, tafinta ya juyo ya ce hatsin bariki ba kyauta ba ne, rance ne, ana biya da kaka. Kuma ba a ba mutum rance sai yana da abin da za a riƙe in ya kasa biya, ko gonar da ya noma bara, ko dabba.

Baba ya dubi tafinta. Ya ce, "Dabba?"

"Dabba. Kai kuwa yanzu ka rantse ba ka da ita."

"Wadda kuka ce in rabu da ita?"

Tafinta bai ma juya wannan magana zuwa Faransanci ba. Hannu kawai ya ɗaga wa gardi. Ina tsaye da ƙwaryata ina kallon rumbunan can a jere, cike da hatsin da kakata ta ɗauko a ka, gardi na tura babana waje da gindin bulala. Shekaruna sun yi nisa, na ga zalunci iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda aka yi cikin natsuwa irin wannan ba. Babu wanda ya ɗaga murya. Kowa aikinsa yake yi.

Baba bai ko shiga gida ba, ya miƙa mini buhu ya yi arewa. Ya samu amininsa, amma bai samu saniya ba. A wurinsu dabbar da aka mayar ba ta zaman jira, akwai mabuƙata da yawa a shekara irin wannan. Ya riga ya ɗaure ta ga wani ɗan'uwansu da garkensa ya ƙare, sun yi nisa neman ciyawa. Sauran shanun duk nononsu ya ƙafe. Abin da ya iya yi shi ne ya ƙunso wa baba cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, ya ce a jiƙa wa yaro.

Muka jiƙa masa har ya ƙare. Daga nan sai kunun dusa, cikinsa ya ƙi karɓa, zawo ya kama shi. Da safe yakan rarrafa ya je gindin turke da 'yar ƙwaryarsa ya zauna. Daga baya ko rarrafen ya daina. Ya rasu da hantsi goye a bayan kakata, ana saura kaɗan ruwan fari ya sauka.

Cikin masu zuwa gaisuwa har da tafinta, da farar rigarsa, yaro na biye da shi da tiyar hatsi. Kakata ta fito daga ɗaki ta tsaya a gabansa, ba ta damu da mazan da ke zaune ba. Ta ce, "Ɗan nan, lokacin da ubanka ya mutu, da nonon mi uwarka ta raine ka? Ba akuyar habbanaye ba ce? Ina nan aka ɗaure mata ita." Ya ce, "Inna, aiki ne." Ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da wannan aiki."

Na so ta watsa masa hatsin a fuska. Ba ta watsa ba. Yunwa muke ji, inna na da ciki. Aka surfa, aka daka, muka ci. Har yau wannan tuwo yana cikin abubuwan da suka fi ci mini rai.

Nasara sun tafi tun ina budurwa, rumbunan sun rushe, wurin ma gidaje ne yanzu. Ana cewa zamani ya sake, kuma ya sake ɗin, yau matalauci ba ya cire hula gaban kowa. Amma bara da aka yi fari, wasu samari suka zo da mota suna bin gida-gida suna rubuta waɗanda ba su da aiki ba su da hatsi, wai za a taimaka. Jikata, wadda mijinta ya rasa aikinsa a Maraɗi suka dawo wurina da jaririnsu, ta shigo da sauri ta ce, "Kaka, an ce suna tambayar dabbobi. Bari in mayar wa maƙwabciya akuyar da ta ɗaure mini, in sun wuce mu san yadda za a yi."

Na dubi jaririn, leɓensa fari da madara. Na ja tabarmata na shimfiɗa a gindin turke, na zauna na riƙe igiyar.

Na ce, "Je ki ce su shigo. Su rubuta mu ko kada su rubuta, akuyar nan ba ta fita gidan nan ina da rai."