Kaset Ɗin Sunana, Daga Zariya Zuwa Jiwa

Asabar: Zariya zuwa Kubwa

Na bar gida da ƙarfe biyar saura kwata, na yi sallar asuba a masallacin tashar Kwangila. A jakata akwai kaya kala biyu da kaset ɗin bidiyo guda, naɗe cikin tawul. A ƙasan akwatin mahaifina muka tsince shi bayan rasuwarsa, an rubuta "Sunan Kabiru" a jikinsa. Ni ne Kabirun. Mahaifiyata ta rasu ina shekara biyu, ko muryarta ba na tunawa. Goggo Hajara, yayar Baba wadda ta raine ni, kullum takan ce mahaifiyata marainiya ce daga wajen Abuja, ba ta da kowa. Na zaga Zariya da Kaduna ban sami na'urar da za ta karɓi kaset ɗin ba, sai wani mai gyaran talabijin ya kwatanta mini wani dattijo a Kubwa.

Mota ta cika da shida da minti goma, kowa ya biya naira dubu goma sha huɗu. Bakwai da rabi muka ratsa Kaduna. Bayan Kateri sojoji suka tsayar da mu, ɗaya ya buɗe jakata ya warware tawul.

"Wannan mene ne?"

"Kaset ne, ofisa."

Ya jujjuya shi, ya kara a kunne ya girgiza. Direba ya leƙo ya ce, "Fim ne irin na iyayenka, ofisa." Sojan ya miƙo mini da hannu biyu. Na daɗe ina mamakin a ce ga mutum da gemunsa bai taɓa ganin kaset ba.

Mun sha shayi a Tafa, muka sauka Zuba sha ɗaya da kwata. Daga nan bas ta kai ni Kubwa.

Gidan Oga Bitrus

Oga Bitrus mutumin Filato ne, ya haura saba'in, ya yi rayuwarsa yana ɗaukar bukukuwa da kyamarar kafaɗa. Da ya buɗe ɗakin bayan gidansa sai na tsaya cak a bakin ƙofa. Na'urorin bidiyo ne jere har rufi, kowace da ƙyallen da aka lulluɓe ta.

"Duk suna aiki?" na tambaya.

"Uku ne kawai. Roban ciki ya narke, kuma an daina yin kayan gyara. Sai in kashe ɗaya in ta da ɗaya. Ran da na mutu, yara za su kira 'yan gwangwan su auna a kilo."

Ya karɓi kaset ɗina ya ce ba irin wanda kowa ya sani ba ne, ƙaramin ne da ya riga shi shigowa, kuma na'urarsa ɗaya tak ta rage masa. Ya ɗaga murfin ya nuna mini funfuna fari fat a kan zaren.

"Malam Kabiru, in gaya maka gaskiya. Wataƙila sau ɗaya zai yarda ya wuce. In ya tsinke tun farko, ba ni da dabara."

Na ce a yi. Awa uku ya yi yana juya zaren da hannu yana gogewa da tsumma mai laushi. Matarsa, Madam Ladi, ta kawo mana gwaten acca, na kasa ci. Bayan la'asar ya haɗa na'urar da kwamfuta don ta kwafe, ya tura kaset.

Da farko yayyafi kawai talabijin ke yi. Sai ga tsakar gida cike da mutane, ga wata matashiyar mace a kan tabarma da jariri a cinya, tana dariya tana kare fuska daga kyamara. Ta yi magana, na ji muryar uwata, amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Mata uku na zaune kusa da ita, dukansu fuskarta ce sak. Wata tsohuwa ta karɓi jaririn tana rawa da shi.

Madam Ladi, wadda ta daɗe tana sayar da hatsi a kasuwar Dei-Dei, ta matso kusa. "Gbagyi suke yi. Tsohuwan nan tana cewa jikanta ba zai manta hanyan Jiwa ba."

"Jikanta?" Na zauna a ƙasa. Minti ashirin da biyu muka samu, sannan zaren ya cukurkuɗe ya tsinke. Oga Bitrus ya tura mini abin da aka kwafe a waya, ya ce in kwana a ɗakin ɗansa da ke makaranta.

Lahadi: Jiwa

Oga Bitrus da matarsa suka tafi coci da takwas, ni na hau keke napep zuwa Dei-Dei, daga can acaba, tafiyar da ba ta kai minti arba'in ba gaba ɗaya. Na sami dattawa huɗu a gindin mangwaro, na yi sallama na nuna musu wayar. Ba a yi minti biyu ba ɗaya ya cire tabarau ya ce, "Wannan ai Asabe ce. Kai wane ne nata?"

Na ce ni ɗanta ne. Shi ya raka ni wani gida inda wata tsohuwa ke ɓare gyaɗa. Sunanta Iya Talatu, yayar mahaifiyata ce. Ta kalli kanta a waya da ƙuruciyarta, ta kalle ni, gyaɗar ta zube daga zanenta.

"Sau biyu muka je Zariya nemanka," ta ce. "A na biyu wata mata ta fito ta ce kun tashi, ba ta san inda kuka koma ba."

Ba mu taɓa tashi daga gidan nan ba, a cikinsa nake har yau. Iya Talatu ta ce kakata shekara uku ke nan da rasuwa, kuma har ƙarshe tana tambaya ko an ji labarin ɗan Asabe. Kafin azahar gidan ya cika, aka daka sakwara, aka yi ta nuna mini 'yan uwa har na rasa sunan wa zan riƙe. A nan na kwana.

Litinin: Komawa gida

Na hau jirgin ƙasa na safe daga Kubwa zuwa Rigasa, na iso Zariya da ƙarfe uku da rabi. Ban ko ajiye jaka ba na shiga ɗakin Goggo na kunna mata. Ta kalla, sannan ta fara nuna su da yatsa tana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba.

"Ni ce matar," ta ce. "Ba ni da ɗa sai kai. Na ji tsoron su tafi da kai."

Na zauna a bakin gadonta har aka kira la'asar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Oga Bitrus da Madam Ladi, da dattawan gindin mangwaro. Ranar Juma'a zan koma Jiwa da 'ya'yana uku. Goggo ta ce a saya mata turmi biyu na atamfa, da ita za a je.