Adda Taibatu da Hannun Hagu

Jama'a a gyara tsayuwa, ga Shugabar Kimiyya ta Birnin Tudu da kewaye, mai kwamfuta guda ɗaya tal, Malama Taibatu ta aji uku! Ni Lukman ɗan kabu-kabu, ƙanenta, ni ke kai ta makaranta, don haka a bakina za ku ji gaskiya.

A ruga aka haife ta, ta yi tallan nono kafin ta riƙe alli. Shekara goma sha ɗaya tana koyarwa. Bara aka tura ta Talata Mafara horon kwana biyar, ta dawo rungume da kwamfuta, da sharaɗi: in mai duba makarantu ya zo ya tarar yara ba su iya rubuta sunansu a kanta ba, za a ɗauke kwamfutar a kai ta Bakura.

Tun ranar Adda ta rame.

Yaran ba daƙiƙai ba ne, tarbiyya ce ta yi musu yawa. A gida an hana su ci da hagu, an hana su miƙa abu da hagu. Ko wane yaro ya zauna gaban na'urar sai ya ɓoye hagunsa a baya, ya dinga tsikarar harafi da yatsa guda. Yara sittin, darasi minti talatin.

Na ce, "Adda, ki ɗaure masu na dama mana."

Ta ce, "Kai da ka gudu tun aji biyu na sakandare, rufa mini baki."

Wata safiya ta tambaye su, "Da hannu nawa ake tatsar saniya?" Suka ce biyu. Rabinsu suka yarda su sa hannu biyu a kan na'urar. Sauran suka ce sai sun tambayi Baba.

Ranar Laraba mai duba makarantun ya iso. Ina leƙe ta taga. Aka kira Fiddausi, gwanar ajin. Ta ɗora hannu biyu, ta ɗaga kai ta ga babban mutum tsaye, sai ta janye hagun a hankali. Adda ta kama gefen tebur. Harafi takwas, yatsa ɗaya, aka gama.

Ya dubi agogo, ya yi rubutu, ya ce, "A bar musu kwamfutar zuwa ƙarshen zango, in sake dawowa."

A bakin ƙofa na cire hula na ce, "Ranki ya daɗe, tarihi ba zai manta da ke ba!"

Ta ce, "Ta da babur, Lukman. Cajinta ya kusa ƙarewa."